Daren da Wendell Ya Cika Goma

Ƙarfe huɗu na asubar Litinin,
Duluth na kwance ƙarƙashin ƙanƙara,
tafki ya daskare tun daga gaɓa.
Mu huɗu ne a gidan burodin Lindqvist,
tanda na huci, kwaɓi na kumbura,
ba wanda ya ce da wani ina kwana.
Darlene ce ta fasa ƙwan:
"Kun ga abin da suka aikata jiya?"

Kowa ya gani.
Shekara talatin da ɗaya ana haska Iyalan Dunkel,
mutanen zane masu hanci kamar dankali,
duk daren Lahadi bayan labarai.
Autansu Wendell mai wushirya
shekararsa tara tun ranar farko,
aji ɗaya, malama ɗaya,
koriyar riga ɗaya da ba ta koɗewa.
Jiya suka kunna masa kyandir goma.
Ya hure su. Aka tashi.

Darlene ta maka kwaɓi a kan tebur
har gari ya tashi ya rufe mata gira.
"Cin amana ne, ba shi da wani suna.
Wa ya roƙe su? Wa ya ce yaron ya gaji?
Haya ta hau, gwiwata ta ƙi,
abu ɗaya da ya tsaya inda na bar shi,
shi ma sun sa masa hannu."

Odell na jera faranti, bai ɗago ba.
"Ni tun zango na sha biyu na faɗa,
ruwa ya ƙare wa ɗan kada.
Marubutan farko duk sun watse,
na yanzu ƙanzon tukunya suke kankara.
Muryar kakar ma ba ita ba ce,
ku saurari yadda take tari."
Shekara sha tara yana wannan magana,
bai taɓa fashin Lahadi ɗaya ba.

Marisol, wadda shirin ya girme ta da tara,
a waya ta kalla, cikin bas, kunne ɗaya.
"Ni fa na yi dariya
inda uban ya zauna a kan kek
ya ce kujerar ce ta yi laushi.
Zane ne kawai. Me ya yi zafi?"
Darlene ta harare ta har sai da ta koma yanka.

Ni ban ce uffan ba, ina shafa man shanu.
Shekarata tara daren da aka fara.
Babana ya dawo daga tashar jiragen tama,
yana warin ƙarfe da taba,
ya ɗora ƙafa a tebur da safa mai huji,
ya yi dariyar da ke ƙarewa da tari,
ya ce, "Wannan ja'irin kai ne sak."
Na wuce Wendell a tsawo, na wuce shi a aji.
Muka binne Baba, aka sayar da gidan,
aure ya zo ya kwana goma ya tafi,
'yata ta fi ni tsawo yanzu,
shi kuwa yana nan, bai gama jingar lissafi ba.

Jiya ni kaɗai ne a falo.
Na tsayar da hoton, na ƙirga kyandiran,
na sake ƙirgawa da yatsa a kan gilashi.
Ban ji haushi ba, ban kuma yi dariya ba.
Kamar sa'anka ne da ka baro a ƙofar makaranta
ka waiga ka ga ashe ya biyo ka.

Odell ya ajiye dala biyar kusa da sikeli:
"Mako mai zuwa za su ce mafarki ne."
Darlene ta rantse in suka yi haka ta bar kallo,
in ba su yi ba ma ta bari.
Ba wanda ya tanka, mun san Lahadinta.

Sai ƙauri. Faranti guda ya ƙone ƙurmus.
Ƙararrawar ƙofa ta kaɗa,
direban motar kwashe ƙanƙara ya shigo
yana buga takalmi, gemu duk fari.
Kafin ya nemi kofi ya ce,
"Kai, kun ga na jiya kuwa?"